Aikin Gayya da Haƙƙin Maƙwabtaka Tsakanin Mabiya Addinai

1.0 Gabatarwa

A wannan darasi za a duba al'adar gayya a rayuwar Hausawa, da yadda ta zama ginshiƙin taimakon juna tsakanin Musulmi da Kirista. Ana sa ran a ƙarshen darasin ɗalibi zai iya bayyana ma'anar gayya, ya kawo misalanta, ya kuma nuna yadda zai yi amfani da ita a makarantar da za a tura shi koyarwa.

1.1 Ma'anar Gayya

Gayya ita ce taruwar jama'a domin su yi wa wani mutum ko gari aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ba tare da an biya su lada ba. Kalmar tana da dangantaka da "gayyata", domin mai aikin ne ke sanar da maƙwabta ranar da za a fito. Abin da ke kansa kawai shi ne fura ko tuwo da goro, wani lokaci da makaɗan da za su zuga matasa. Ana yin gayyar noma da ɗaukar jinka da yashe rijiya da gyaran hanya da share maƙabarta. Akan kuma nome gonar tsoho ko majinyaci ko marayu, ko da ba su nema ba.

Abin lura a nan shi ne, maƙwabtaka ce ke haɗa 'yan gayya. Wanda gonarsa ke jikin taka shi za ka fara kira, ko mene ne addininsa. Shi ya sa Bahaushe ke cewa, "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."

1.2 Matsayin Addinai

Musulunci da Kiristanci duk sun ƙarfafa wannan ɗabi'a. Aya ta 36 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni da kyautata wa maƙwabci na kusa da na nesa. Malamai sun kuma bayyana cewa maƙwabcin da ba Musulmi ba yana da haƙƙin maƙwabtaka. A Littafi Mai Tsarki kuwa, sura ta 10 ta Bisharar Luka ta kawo misalin Basamariyen da ya ceci wani matafiyi da 'yan fashi suka raunata, alhali ba jama'arsu ɗaya ba.

1.3 Misalai Daga Arewacin Nijeriya

(a) Kaduna: Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun kasance abokan gaba a rikicin 1992, inda Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 suka haɗu, daga bisani suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai a Kaduna.

(b) Yola: Lokacin da Boko Haram ta kama Mubi a watan Oktoba na 2014, dubban mutane sun kwararo Yola. Da yawa daga cikinsu a gidajen jama'a suka sauka. Shugabannin Musulmi da na Kirista suka haɗa kai, aka riƙa rabon abinci a babbar majami'ar Katolika da kuma masallatai. A 2021, Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe gidaje 86 da aka gina wa 'yan gudun hijira a ƙaramar hukumar Girei, tare da makaranta da coci da masallaci.

(c) Filato: A ranar 23 ga Yuni, 2018, Imam Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar, a ƙaramar hukumar Barikin Ladi, ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya kuma ƙi miƙa su ga mahara. Gwamnatin Amurka ta karrama shi a 2019.

1.4 Ƙalubale

Tun bayan rikicin shekarar 2000, mazauna Kaduna suka fara rarrabuwa: Musulmi suka fi yawa a arewacin kogi, Kirista kuma a kudanci. Jos ma ta ga irin wannan bayan 2001. Idan unguwa ta zama ta addini ɗaya, yaro zai tashi bai taɓa ɗaukar kwandon ƙasa tare da wanda ba addininsu ɗaya ba. Abin da zai sani game da shi sai jita-jita. Makaranta tana cikin wurare kaɗan da suka rage inda yaran ke zama a kan benci ɗaya.

1.5 Aikin Malami

Bayani a kan allo kawai ba zai wadatar ba. Ya kamata malami ya:

i. shirya gayya da izinin shugaban makaranta da iyaye, kamar yashe magudanar ruwa ko dashen itatuwa;
ii. cuɗanya ɗalibai wajen raba su rukuni-rukuni;
iii. zaɓi wanda za a taimaka bisa buƙatarsa kaɗai, tare da kare mutuncinsa;
iv. guji sa aiki a lokacin sallar Juma'a ko safiyar Lahadi;
v. hana mayar da aikin fagen wa'azi ko muhawarar addini;
vi. sa ɗalibai su rubuta insha'i a kan abin da suka yi.

1.6 Kammalawa

An ga cewa gayya tsohuwar al'ada ce da aka gina a kan haƙƙin maƙwabtaka, kuma addinan biyu sun goyi bayanta. Malamin Hausa yana da damar raya ta a tsakanin ɗalibansa.

Auna Fahimta

1. Mece ce gayya? Kawo ire-irenta guda huɗu.
2. Kawo karin magana uku da suka shafi taimakon juna, ka bayyana ma'anarsu.
3. Tsara gayyar yini ɗaya ga ɗaliban aji biyu na ƙaramar sakandare.