Kula da Dasasshen Haƙori Don Ya Daɗe

Ya ku 'yan kasuwa da iyalai, idan an dasa wa ɗayanku haƙori, a gida ko a ƙasar waje, to ku sani aikin likita rabi ne, sauran rabin yana hannunku.

Dasasshen haƙori kashi biyu ne. Akwai ɗan sukuru na ƙarfen titaniyom da ake kafawa cikin ƙashin muƙamuƙi, akwai kuma kan haƙorin da ake ɗorawa a bisansa. Ƙashin yakan ɗauki wata 3 zuwa 6 kafin ya kama ƙarfen sosai. An fara yi wa ɗan Adam irin wannan dashe a ƙasar Suwidin a shekarar 1965, mutumin kuma ya rayu da nasa har kusan shekara 40. Kan haƙorin dai yakan gaji, a sauya shi bayan shekara 10 zuwa 15.

Ƙarfe ba ya ruɓewa, amma dasashi da ƙashin da ke riƙe da shi suna kamuwa da cuta. Dauɗar da ke taruwa a gindin haƙori cike take da ƙwayoyin cuta. Da farko dasashi ke kumbura, ya riƙa jini. A wannan mataki ana iya warkewa sarai. In aka yi sakaci, cutar ta gangara ta ci ƙashi, ƙashin da ya zaizaye kuwa ba ya komawa da kansa. Abin tsoron shi ne, dasasshen haƙori ba shi da jijiya, saboda haka ɓarna takan yi nisa ba a ji zafi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ku goge baki safe da dare, minti 2 kowane karo, da burushi mai laushi da man goge baki, kuna bin gaɓar da haƙori ya haɗu da dasashi. Asuwaki yana da kyau, sai dai ba ya shiga tsakanin haƙora, don haka ku nemi ɗan siririn burushin da aka yi domin wannan aiki. Kada ku yi sakace da allura ko fil. Ku sauya burushi duk bayan wata 3.

Kada ku buɗe kwalba ko ku tsinke zaren buhu da haƙori. Ku guji tauna ƙashi, ƙanƙara da busasshiyar aya a ɓangaren dashen. Taba tana rage jinin da ke isa dasashi, ciwon suga da ba a kula da shi kuwa yana raunana garkuwar jiki. Su ne manyan abokan gabar dashe. Mai cizon haƙora cikin barci ya sanar da likita, a yi masa robar da zai kwana da ita.

Ga masu zirga-zirga tsakanin Kano da Maraɗi, ko Daura da Damagaram: ku karɓi takardar da ke nuna sunan kamfanin dashen da girmansa da ranar da aka kafa shi. Kowane kamfani da irin mabuɗinsa, likitan wani gari ba zai iya gyara abin da bai san irinsa ba. Ku ɗauki hoton takardar a waya, ku ajiye ta tare da takardun tafiya.

Ku je likitan haƙori ya duba ku duk bayan wata 6, ko da ba ku jin komai. In kuka ga jini, kumburi, mugunya, warin baki da ya ƙi tafiya, ko haƙorin yana girgiza, kada ku jira ranar kasuwa ta wuce. Maganin 'yan talla yana iya kwantar da kumburi, amma ba ya cire dauɗar da ke cin ƙashi. Ku nufi asibiti cikin wannan makon.