Amsoshin Tambayoyinku: Matakalar Lantarki a Jikin Tsauni

Wani mai sauraronmu daga Jos ya aiko yana neman bayani, ko gaskiya ne akwai birnin da aka kafa wa matakala mai tafiya da lantarki a sarari.

To Malam, haƙiƙa akwai. A birnin Medelin na ƙasar Kolombiya, inda gidajen talakawa suke manne a jikin tsauni, har a da tsofaffi da masu juna biyu kan shafe fiye da rabin sa'a suna hawa cikin matsananciyar wahala, hukuma ta buɗe irin wannan matakala a unguwar Komuna 13 a watan Disamba na 2011, mai tsawon mita 384, wadda aka kasa kashi shida sabili da karkatar gangaren, aka kuma yi mata rufi domin kare ta daga ruwan sama. Yau minti shida ya wadatar, ba a kuma karɓar ko kwabo, abin da a ganina shi ne mafificin alherinta.

Akwai kuma irinta a Hong Kong, wadda ta riga ta, tun 1993, mai tsawon kimanin mita 800. Da safe takan gangaro da ma'aikata, bayan ƙarfe 10 kuma a juya ta ta riƙa hawa har tsakar dare.