Yadda Ake Auna Ƙarfin Gwiwar Masu Jinyar Tsofaffi Masu Cutar Mantuwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 55 ne ke fama da cutar mantuwa, wadda mukan kira gigin tsufa, kuma fiye da kashi 60 cikin ɗari suna ƙasashen da ba su da ƙarfin arziki sosai. Akasarinsu a gida ake jinyarsu, a hannun mata ko 'ya ko suruka. Kafin a ce wani shirin tallafi ya amfani mai jinya, sai an auna yadda take jin za ta iya da aikin, kuma a ganina awon ba ya yin daidai sai ma'aunin ya san al'adar gidan da aka shiga da shi.

Ana farawa ne da tantance abin da za a auna. A 1977 masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura na Jami'ar Stanford ya nuna cewa yardar mutum da iyawarsa kan wani aiki takamaimai ita ke sa ya dage ko ya sare. Don haka ba a tambayar mai jinya ko jaruma ce, sai a ɗauko abin da take fuskanta kullum. Ma'aunin da Ann Steffen da abokan aikinta suka fitar a Amurka a 2002 yana da tambayoyi 15 a rukuni uku: neman wanda zai karɓe ka ka huta, tunkarar rikicin majinyaci, da danne tunanin da ke hana barci. Misali, tsoho ya gama cin tuwo, ko kwanon ba a ɗauke ba ya ce yaushe za a ba shi abinci: za ki iya amsa masa ba ki ɗaga murya ba? Ta zaɓi lamba daga sifili zuwa 100.

Daga nan sai fassara, a kan hanyar da Richard Brislin ya bayyana a 1970. Wani ya juya tambayoyin zuwa sabon harshe, wani da bai taɓa ganin na asali ba ya mayar da su, kwamiti ya zauna ya ga inda ma'ana ta zame. Haka ma'aunin ya shiga Sinanci da Sifaniyanci.

Matakin da ya fi kowane muhimmanci shi ne wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ana zama da masu jinya kaɗan, ɗaya bayan ɗaya, a karanta tambaya, a ce su faɗi abin da suka fahimta da bakinsu da dalilin lambar da suka zaɓa. Ɗauki tambayar da ke cewa ko za ki iya roƙon wani ya zauna da majinyaci mako guda don ki huta. Inda aka rubuta ta, neman hutu haƙƙi ne. A gidan da ake ganin jinyar mahaifi hanyar neman albarka ce, 'yar da ta ba da sifili mai yiwuwa ba rauni ne ya sa ba, kunya ce da gudun a ce ta gaji da ubanta. Suruka kuwa tana iya cewa 100 don kawai mijinta na tsaye a bakin ƙofa. Akwai kuma wadda ba za ta taɓa cewa ɗari bisa ɗari kan abin da ke gobe ba, sai dai ta ce in Allah ya yarda. Kalmomin sun fassaru lafiya, amma lambar ta daina nufin abu ɗaya. Maganinsa a yi hirar a keɓe, a gyara lafazi, a fara da tambayar gwaji mai sauƙi, kamar ɗaga tulu cike da ruwa, har mutum ya saba da lambobin.

Bayan haka ake kai wa ɗaruruwan mutane, a duba da lissafi ko tambayoyin sun rabu gida uku kamar na asali, a sake tambayar wasu bayan mako biyu a ga ko amsa ta tsaya, a kuma gwada ko masu maki iri ɗaya a ƙasashe biyu suna amsa kowace tambaya iri ɗaya.

Wani zai ce tunda wahalar ta kai haka, kowace al'umma ta ƙera nata ma'aunin mana. Maganar tana da hujja, sai dai idan kowa da mudunsa, ba yadda za a san ko horon da ya yi aiki a Hong Kong zai yi a Ibadan. Gara a riƙe ginshiƙan uku, a ƙara tambayoyin gida a gefe. Wani kuma zai ce jin za ka iya ba shi ne iyawa ba. Haka ne, amma bincike ya sha nuna cewa masu jinyar da makinsu ya yi ƙasa, musamman wajen danne tunani, sun fi nuna alamun ciwon damuwa, kuma su ya kamata a fara kai wa ɗauki. Duk mai binciken da zai kawo wannan ma'auni Hausa, ya zauna da masu jinya tukuna kafin ya buga takardar tambayoyi ko guda.