Yadda Manhajar Duba Fayiloli Za Ta Nuna Sunan Folda Daidai

Foldar tsarin kwamfuta suna biyu gare ta: wanda ke rubuce a faifai, da wanda ake nuna wa mai amfani. Rashin rarrabe su ne ke sa manhajar duba fayiloli ta riƙa nuna "$Recycle.Bin" ko wata doguwar lamba a gurbin suna.

Tun daga Windows Vista, wanda ya fito kasuwa a 2007, sunayen da ke faifai ba sa canzawa da harshe. Fassarar tana fitowa ne daga ɓoyayyen fayil mai suna desktop.ini, a layin LocalizedResourceName. Shi ya sa kwamfuta 'yar hannu da aka shigo da ita daga Jamus take nuna "Benutzer" alhali a faifai "Users" ne. Wasu wuraren ma, kamar This PC, ba folda ba ne a faifai sam. Lambar shaida kawai suke da ita.

Babban kuskure shi ne mai rubuta manhaja ya jera sunayen da hannunsa. Da zarar an sauya harshe, ko an kai foldar Documents wani faifan, jerin ya tashi a banza. Abin yi shi ne a tambayi tsarin da kansa. A Windows, SHGetKnownFolderPath ke faɗin inda folda take, sai IShellItem::GetDisplayName tare da SIGDN_NORMALDISPLAY ya ba da sunan nunawa. A macOS akwai displayNameAtPath. Linux kuwa ya sha bamban: xdg-user-dirs yakan raɗa wa foldar suna da harshen mai kwamfutar a faifan kansa, don haka sai an duba user-dirs.dirs.

Akwai abin da ya shafi Hausa kai tsaye. Tsofaffin umarnin Windows masu ƙarewa da A ba su san ɓ, ɗ da ƙ ba, suna mayar da su alamar tambaya. Masu ƙarewa da W, na Unicode, su ne abin riƙewa.

Sunan nunawa na ido ne kawai, kuma folda biyu na iya tarayya a kansa. Wajen buɗewa, kwafa ko gogewa, hanyar da ke faifai ce kaɗai za a miƙa wa tsarin.