Wasiƙa ga Matasa Masu Koyon Adon Harshe na Turanci

Zuwa ga 'yan makaranta masu shirin WAEC da NECO da JAMB,



Wannan takarda ta shafi darasin da ke ka da ɗalibai da yawa a jarrabawar adabin Turanci, wato adon harshe. Yaro zai haddace ma'anar simile da metaphor da irony tsaf, amma da zarar an ajiye masa jimla an ce ya nuna wanne ke ciki, sai ya yi tsuru-tsuru, ya kama tauna biro. Ya san suna, bai san mai sunan ba.

Alhali abin ba baƙo ba ne gare shi. Uwar da ɗanta ya fasa tangaran, ta dube shi ta ce "sannu da aiki", gatse ta yi, kuma yaron ya gane ba tare da malami ba. Wannan reshe ne na irony. Mai cewa wane ya riga mu gidan gaskiya ya sakaya zancen mutuwa, abin da Bature ke kira euphemism. Wanda kuwa ya yi nazarin waƙa a ajin Hausa ya san kamantawa da siffantawa da mutuntarwa da kambamawa, kalmomin da Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero ya yaɗa. Abin da ya rage masa shi ne ya gane su idan sun zo da Turanci.

Wurin farautarsu kuwa labarai ne. A 1946, a garin Fulton na Amurka, Winston Churchill ya ce labulen ƙarfe ya raba Turai biyu. Babu labule, babu ƙarfe; iyakar da ke tsakanin ƙasashen da ke ƙarƙashin Tarayyar Sobiyet da na Yamma yake nufi. Bai ce "kamar labule" ba, don haka siffantawa ce, wato metaphor. Da ya sa like ko as, da ta koma simile. Sai dai a kula, ba kowane like ne kamantawa ba. Mai cewa yana son shinkafa ma da shi yake amfani.

Haka idan jarida ta rubuta cewa White House ta musanta, ko Aso Rock ta yi shiru, ai gini ba ya magana. An ambaci wuri ne a madadin masu mulki a cikinsa, sunan wannan salo metonymy.

Saboda haka ɗalibi ya tanadi ƙaramin littafi, ya raba kowane shafi gida uku: jimlar da ya tsinta, abin da mai ita yake nufi, sannan sunan adon. Sunan ya zo daga ƙarshe, domin a tambayoyin sharhi mai duba takarda yana neman bayanin aikin da adon ya yi.

Mai son atisaye mai tsawo ya nemi Animal Farm na George Orwell, wanda ya fito a 1945, inda aladu da dawakai suka tsaya a madadin shugabanni da talakawan Rasha bayan juyin 1917. Bala Abdullahi Funtuwa ya mayar da shi Hausa da sunan Gandun Dabbobi. A ajiye su gefe da gefe, a karanta babi ɗaya a nan, ɗaya a can, ana cike ƙaramin littafin nan.

Allah ya ba da sa'ar jarrabawa.

Wassalam.