Sahalewar Gwamna a Cinikin Filaye da Gidaje: Nazari a Kan Sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi matsayin sahalewar gwamna a cinikin fili ko gida a Nijeriya, tare da nuna tazarar da ke tsakanin yadda jama'a ke ƙulla ciniki da abin da doka ta shardanta. An yi amfani da nassin dokar da wasu hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli. Nazarin ya nuna cewa mai saye ne ya fi kowa shiga haɗari, alhali ba a kansa doka ta ɗora nauyin neman sahalewar ba.

1.0 Gabatarwa

A Kano da Zariya da Katsina da makamantansu, cinikin fili yana da sananniyar hanya. Dillali ya haɗa mai saye da mai sayarwa, a je a ga wuri, a daidaita a kan farashi, a yi "sallama". Daga nan a rubuta takarda, shaidu su sa hannu, mai unguwa ko dagaci ya buga hatimi, dillali ya karɓi la'adarsa. A wurin jama'a magana ta ƙare, fili ya zama na wanda ya biya. A wurin doka kuwa, idan filin yana cikin yankin da aka ayyana a matsayin birni, akwai sauran mataki guda, kuma shi ne yake tabbatar da canjin hannun.

2.0 Abin da Ake Saya

Tun ranar 29 ga Maris, 1978, lokacin da gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, sashe na 1 ya danƙa dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta, ya riƙe ta amana domin amfanin 'yan Nijeriya. Abin da mutum yake samu shi ne haƙƙin zama da cin moriyar wuri, wanda gwamna ke bayarwa a ƙarƙashin sashe na 5, ko ƙaramar hukuma a karkara a ƙarƙashin sashe na 6. A aikace, filin gidan zama akan ba shi wa'adin shekara 99, tare da biyan kuɗin ƙasa duk shekara. Saboda haka sunan da aka saba kiran takardar da shi, wato "takardar shaidar mallaka", ya ɗan zarce haƙiƙaninta. Shaidar haƙƙin zama ce.

Wannan tsari bai zo wa Arewa a baƙo ba. Dokar Turawa ta 1910, wadda aka sake fasalinta a 1916, ta riga ta sanya ƙasar Arewa a ƙarƙashin ikon Gwamna, sannan Dokar Riƙon Ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 ta mayar da ikon hannun minista. A Kudu ne, inda iyalai da ɗaiɗaikun mutane suka saba da cikakkiyar mallaka, dokar 1978 ta fi girgiza jama'a.

3.0 Sashe na 22 a Gaban Kotu

Sashe na 22 ya haramta wa mai riƙe da haƙƙin zaman da gwamna ya bayar ya sayar, ko ya jinginar, ko ya miƙa wa wani, ba tare da ya fara samun sahalewar gwamna ba. Sashe na 21 ya yi irin wannan tanadi ga filayen karkara, inda galibi ƙaramar hukuma ce ke sahalewa. Sashe na 26 kuma ya ce duk cinikin da ya saɓa wa tanadin dokar ɓatacce ne.

Shari'ar da ta fara nuna kaifin waɗannan sassa ita ce ta Bankin Savannah da Ajilo, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1989. Ajilo ya mallaki filinsa a Legas tun kafin 1978, ya jinginar da shi ga banki domin lamunin bashi. Da bashi ya ƙi biyuwa, banki ya tashi sayar da kadarar, sai Ajilo ya je kotu yana cewa jinginar ba ta inganta ba, domin ba a nemi sahalewar gwamna ba. Lauyoyin banki suka kafa hujja da cewa sashe na 22 ya shafi wanda gwamna ya ba fili ne kai tsaye, ban da wanda doka ta tarar da filinsa a hannunsa. Kotu ta ƙi wannan fassara. Ta ce wanda sashe na 34 ya ɗauka tamkar gwamna ne ya ba shi, shi ma sharaɗin yana kansa. Jingina ta ɓaci, kuma wanda ya kamata ya nemi sahalewar shi ne ya ci ribar rashin nemanta.

Hukuncin ya tayar wa bankuna hankali, kuma kotun kanta ta yi ta neman hanyar rage masa zafi. A shari'ar kamfanin Awojugbagbe da Chinukwe a 1995, ta raba ciniki gida biyu: matakin yarjejeniya da matakin miƙa haƙƙi. Ta ce babu laifi ɓangarori su ƙulla yarjejeniya, har su sa hannu a takarda, matuƙar an rataya ta a kan samun sahalewa. Irin wannan takarda tana nan a dakace, sai ranar da gwamna ya amince take soma aiki. A 1996 kuma, a shari'ar Ugochukwu da wani bankin haɗin kai, kotun ta nuna cewa ba a barin mutum ya fake da sakacinsa don ya tsere wa alkawarin da ya ci moriyarsa. Duk da haka ba a soke hukuncin Ajilo ba. Lauyan da ke ba mai saye shawara a yau yana da layin hukunci biyu a gabansa, kuma ba zai iya rantsuwa a kan wanda alƙali zai bi ba.

Akwai wani tanadi da ba a cika ambatonsa ba, ga shi kuwa ya fi sauran tsanani. Sashe na 28 ya lissafa sayar da haƙƙin zama ba da sahalewa ba cikin dalilan da gwamna zai iya soke haƙƙin saboda su. Sashe na 29 ya tanadi diyya idan an karɓi wuri don aikin gwamnati ko haƙar ma'adinai, ita ma diyyar ta gini ce da shuka da sauran abin da aka kashe wa wurin, ba ta tsurar ƙasa ba. Sokewa saboda ciniki ba bisa ƙa'ida ba ba ta cikin abin da ake biya wa diyya. Magidancin da ya tara guminsa na shekaru ya yi gini a kan irin wannan fili yana iya wayar gari hannu rabbana.

4.0 Takardar Mai Unguwa da Rabon Gado

Ba daidai ba ne a ɗauki takardar mai unguwa a matsayin wofi. Tana tabbatar da an biya kuɗi, tana nuna waɗanda suka halarci ciniki, kuma wanda ya biya ya shiga wuri yana da haƙƙin da kotu ke karewa ta fuskar adalci. Rauninta yana bayyana ne idan aka sayar da fili ɗaya ga mutum biyu, na biyun bai san da na farko ba, ya kuma riga shi zuwa hukumar filaye, kamar KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna, ya samu sahalewa da rajista. Filayen awon igiya, waɗanda masu gonaki ke yankawa ba da tsarin hukuma ba, su suka fi faɗawa wannan rikici, ga kuma barazanar rushewa idan gini ya hau hanya ko magudanar ruwa. Ita ma takardar gwamnati ba garkuwa ce da ba ta hudawa ba. A shari'ar Ogunleye da Oni ta 1990, Kotun Ƙoli ta ce takardar da aka ba wanda tun asali ba shi da haƙƙi a kan wuri ba ta kawar da haƙƙin mai shi na gaskiya. Bin salsalar fili, daga hannun wa ya fito zuwa hannun wa, ya zama dole ko da an ga hatimin gwamnati.

Gidan gado yana da nasa sarƙaƙiyar. Sashe na 24 ya bar gado ya bi dokar da ta shafi mamaci, wanda ga Musulmi shari'ar Musulunci ce, amma ya hana a tsaga haƙƙin zama na birni gida biyu ko fiye ba da sahalewar gwamna ba. Da yawa cikin magada sukan ja katanga bayan rabo, kowa ya sayar da kasonsa, alhali takarda ɗaya ce kuma tana ɗauke da sunan marigayi. Idan kuwa ba a yi rabon ba tukuna wani ya sayar da kasonsa ga bare, fiƙihun Malikiyya ya ba abokan tarayyarsa haƙƙin shufa'a, wato su mayar wa mai saye kuɗinsa su karɓi kason.

5.0 Yunƙurin Gyara

Abin da ke korar jama'a daga neman sahalewa sananne ne: kuɗaɗen sahalewa da hatimi da rajista, waɗanda galibi ake lissafawa bisa darajar kadara, da kuma jiran fayil ya zagaya ofisoshi. Sashe na 45 ya ba gwamna damar wakilta kwamishina ya sa hannu a madadinsa, jihohi da dama kuma sun mayar da rajistarsu kan kwamfuta, abin da ya sauƙaƙa binciken fayil kafin a biya kuɗi. Sai dai taɓa nassin kansa abu ne mai wuya, domin sashe na 315 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare dokar, ba a gyara ta sai ta hanyar da ake gyara kundin, wato da amincewar Majalisar Tarayya da kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi. A 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaran tsarin ƙasa a ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, ya kuma aika wa majalisa ƙudurin da zai taƙaita sahalewa ga sayarwa kaɗai, a cire jingina da haya daga ciki. Ƙudurin bai zama doka ba, sashe na 22 yana nan yadda aka rubuta shi a 1978.