Imel Mai Ɗauke da Sunan Sana'arku: Shawarwari ga Gidajen Manoma da 'Yan Hatsi

Da yawa daga masara da waken suyar da ake lodi a Dandume da Bakori, kamfanonin abincin kaji da na matsar mai ne ke saye. Tsakanin dillali da dillali, kiran waya da WhatsApp sun wadatar. Amma da zarar ciniki ya kai ofishin kamfani, za a ce a turo takardar farashi ta imel, kuma saƙon da ya fito daga adireshi irin ciniki@sunanku.com.ng ya fi samun karɓuwa a kan na Gmail mai jelar lambobi. Tunda aka buɗe tashar tsandauri ta Funtua a 2024, mai son kayansa su ƙetare iyaka ma sai ya saba da irin waɗannan takardu. Aikin buɗe irin wannan imel bai fi na yini ɗaya ba, in an bi shi a tsanake.

1. Ku zaɓi sunan da za a iya faɗa a waya. Sunan da ke bayan alamar @ shi ake kira domen. Ya zama gajere, ba ƙugiya, domin ƙ da ɗ da ɓ suna ba mai rubutawa wahala. In kun yi rajista da hukumar CAC, to ya yi kama da sunan da ke takardarku. Ƙungiyar NiRA ce ke kula da sunayen da suka ƙare da .ng, kuma tana da jerin kamfanonin da ta amince su sayar, irin su Qservers da Web4Africa. Ɗan kasuwa .com.ng ya dace da shi, ƙungiyar manoma kuwa .org.ng, kuma da naira ake biya.

2. Rajistar ta kasance da sunan mai gida. Wannan ita ce shawarar da na fi so a riƙe. Abin da aka saba shi ne a je shagon kwamfuta, ko a kira wani yaro mai ilimin abin, a ce "don Allah buɗe mana." Shi kuma don sauri sai ya sa sunansa da lambar wayarsa da imel ɗinsa. Ba lalle da mugun nufi ba. Amma a wajen kamfanin rajista, wanda ke riƙe da asusun shi ake saurara. Ran da yaron ya tafi bautar ƙasa, ko aka sami saɓani, an shiga uku: saƙonnin masu saye suna zuwa, ba mai ikon taɓa komai. Kamar gona ce da aka saya, aka rubuta takarda da sunan dillali. Don haka ku zauna kusa da shi lokacin da yake cike fom, ku ga sunanku da lambarku da idonku, ku canza kalmar sirri kafin ku bar shagon. In ƙungiya ce, shugaba da sakatare su san yadda ake shiga, a kuma rubuta a littafin taro cewa sunan mallakar ƙungiya ne, domin shugabanci yana canzawa.

3. Sayen suna daban, hayar akwatin saƙo daban. Google Workspace da Microsoft 365 suna cajin kowane mutum duk wata. Zoho Mail yana karɓar naira, kuma yana da tsarin kyauta na mutum biyar, kowa da giga 5, sai dai a shafinsu ko manhajarsu kaɗai ake karanta shi. Akwai kuma imel da ke zuwa haɗe da hayar shafi daga kamfanonin gida. Yana da araha, amma ku gwada shi sosai kafin ku dogara da shi. Gidan da bai wuce uba da 'ya'ya biyu a harkar ba, a ganina na kyautan ya ishe su farawa.

4. Kada ku biya kuɗin akwati uku alhali ɗaya ya isa. Ana iya ƙara wa akwati ɗaya laƙabi, ciniki@ da lissafi@ duk su zuba wuri guda.

5. Ku kwafi layukan DNS, wato saitin da ake liƙawa a asusun domen, harafi da harafi. Mai ba da akwatin zai fara ba ku layin TXT ku liƙa a asusun domen, don ya tabbatar sunan naku ne. Sai layin MX, wanda ke nuna wa duniya inda za a kai saƙonku: na Google shi ne smtp.google.com, na Zoho yana farawa da mx.zoho.com. Ku goge tsofaffin MX da kuka tarar, in ba haka ba wasu saƙonnin za su ɓace a hanya. Bayan nan sai SPF da DKIM, masu shaida cewa saƙon daga gare ku ya fito. Tun Fabrairun 2024 Gmail ya tsaurara: saƙon da ba shi da ko ɗaya daga cikinsu yana iya komowa ko ya faɗa kwandon tarkace, ku kuna jiran amsa, mai saye bai ma gani ba. Layin SPF ɗaya tak ake sawa. Biyu suna ɓata juna. Ku ƙara layin DMARC, ku fara da p=none. Gyaran yakan kama cikin awa kaɗan, wani lokaci har kwana biyu, don haka kada a yi ta sake taɓawa.

6. Ku gwada kafin ku buga adireshin a rasit da allon shago. Ku aika zuwa Gmail da Yahoo na 'yan gida, su amsa, ku duba inda saƙon ya sauka.

7. Kada tsaron asusun ya rataya a kan saƙon tes kaɗai. Mutanen wannan yanki ba su manta da Satumban 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Funtua da Malumfashi da Bakori, mutane suna tafiya mai nisa neman sabis. Ko ba irin wannan ba, waya tana ɓata a kasuwa, layin da aka daɗe ba a amfani da shi kuma kamfani yana sayar wa wani. Ku sa manhajar da ke fitar da lambobin shiga ko babu sabis, irin Google Authenticator, ku buga lambobin ko-ta-kwana a takarda, ku ajiye su tare da takardun gona.

8. Ku sa ranar sabuntawa a kaka. Domen haya ce ta shekara-shekara. In ta ƙare, saƙo ya tsaya, bayan ɗan wa'adi sai tara, daga nan a saki sunan ga duk mai so, har da ɗan damfarar da zai riƙa rubuta wa abokan cinikinku da sunanku. Wanda ya yi rajista a watan Yuni, sabuntawa za ta riƙa zo masa daidai lokacin da kuɗi suka tafi taki da 'yan ƙodago. In an sayar da amfani a Nuwamba ko Disamba, a biya shekara biyu ko uku gaba ɗaya. Imel ɗin da kamfanin rajista zai turo tunatarwa kuma ya zama wani daban, ba na kan domen ɗin ba.

9. Ku shaida wa masu saye tun farko cewa ba ku canza lambar asusun banki ta imel. Ku ma in saƙo ya zo da sunan kamfanin taki ko na iri yana cewa a tura kuɗi sabon asusu, ku duba adireshin da kyau, domin harafi ɗaya ake sauyawa. Sannan ku kira tsohuwar lambar da kuka sani, ba wadda ke cikin saƙon ba, kafin ko kwabo ya fita.